Hukumar Gidaje: A Waiwayi Hubbare Kafin Damina Ta Dawo

A daren wata Alhamis cikin watan Agustan bara, bayan ruwa ya kwana biyu yana sauka ba ƙaƙƙautawa, bangon gabas na gidan kakanninmu da ke shiyar Hubbare ya kwanta. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, domin gwaggona da jikokinta uku da ke kwana a ɗakin sun ji ƙasa na zubowa tun wajen ƙarfe ɗaya na dare, suka naɗe tabarminsu suka koma zaure. Ko da na iso da safe, maƙwabta sun riga ni, suna ta jawo katifa da kwanoni daga ƙarƙashin ɓaraguzai. Wani tsohon magini da ya san gidan tun ina yaro ya zagaya ya duba gindin bangon, sannan ya kama hannuna ya nuna mini abin da ya kayar da shi. Lambatun da ke bin lungun ya cushe da leda da yashi tun farkon damina, ruwa ya rasa hanya, ya kwanta a gindin bangon yana cin sa a hankali. Ya ce da ni: "Malam, wannan bangon ya girmi mahaifinka. Da an bar masa ƙafarsa a bushe, da ya ga jikokinka."

A cikin makon ne kuma, ina yawon neman azara da kwano masu sauƙin kuɗi, na ji ana ba da labari a rediyon mota game da sababbin rukunin gidaje da ake ginawa a bayan gari. Ban ji haushi ba, gida alheri ne ga duk wanda Allah ya ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a cikin tsare-tsaren gidaje da na sani, na jiha da na tarayya, babu ƙofa guda da gwaggona za ta ƙwanƙwasa a buɗe mata. Ba ta karɓar albashi, ba ta da takardar mallakar gidan da aka haife ta a ciki shekara saba'in da suka wuce, sannan ita ba sabon gida take nema ba. Bangonta take so a tayar, a kuma yashe lambatu. Saboda haka wannan rubutu kira ne ga Hukumar Gidaje ta Jihar Sakkwato da ma'aikatar da ke kula da filaye da gidaje, su faɗaɗa abin da suke kira aikinsu har ya haɗa da irin wannan bango.

Tun farkon shekarun 1970 gwamnati a Nijeriya ta ɗauki matsalar muhalli a matsayin matsalar ƙidaya, wato gidaje nawa suka gaza, nawa za a gina. A 1973 aka kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya, wadda ta gina unguwar Festac a Legas. A 1977 aka samar da Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Da marigayi Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan jiha, ya hau mulki a 1979, ya sanya abinci da muhalli a gaba, aka tsara gina gidaje 40,000 kowace shekara, 2,000 a kowace jiha. Niyyar kyakkyawa ce, kuma har yau a garuruwa da dama akwai unguwannin da ake kira da sunansa. Amma abin da aka kammala kafin sojoji su kifar da gwamnatin a ƙarshen 1983 bai kai ko rabin alkawarin ba, wasu gidajen kuma an dasa su nesa da gari inda babu ruwa babu kasuwa, suka yi shekaru ba mai kwana a ciki.

A nan Sakkwato ma turbar guda ce. Mun ga gidajen Gwiwa da Arkilla, mun ga na Bado a zamanin Bafarawa, na Kalambaina da Mana a zamanin Wamakko, ga kuma na Gidan Salanke. Ba na cikin masu raina wannan aiki. Ina da abokan aiki da tsofaffin ɗalibai da ta wannan hanya suka rabu da mai gidan haya, kuma na san abin da hakan ke nufi ga magidanci. Sai dai duk rukunan nan a gefen gari suke, galibin masu cin moriyarsu kuwa ma'aikatan gwamnati ne, don su ake iya cire wa kuɗi daga albashi wata-wata.

Ko ma'aikacin ma, bari mu yi masa lissafi. Dokar Asusun Gidaje na Ƙasa ta 1992 ta tanadi a riƙa cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, shi kuma ya sami damar karɓar rance a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100, ya biya har tsawon shekara 30. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Idan mai wannan albashi ya ɗaure ciki ya ware sulusinsa, kimanin naira 23,000 kowane wata, har shekara 30, rancen da wannan biya zai ɗauka bai kai naira miliyan 4 ba. Mai karatu ya tambayi duk maginin da ya sani ko miliyan 4 za ta sayi fili a Sakkwato ta kuma tayar da ɗaki biyu na bulo da siminti. Wannan fa mai albashi ke nan. Ina ga baduku da majemi, da mai sayar da littattafai da tasbaha a bakin Hubbare, da ɗan kabu-kabu, da matar da ke dama fura a cikin gida? Ga kuma ɗimbin mutanen da ko sun cancanta ba za su kusanci rancen ba, saboda kuɗin ruwan da ke cikinsa.

To, ina waɗannan mutane suke kwana? Suna kwana a gidajen gado na cikin gari, a Hubbare da Kanwuri da Gidaɗawa da Alkammawa da Rijiyar Ɗorowa da sauran tsofaffin shiyoyi. Gidanmu kaɗai, wanda ba ya cikin manya, magidanta huɗu ne a ciki da iyalansu, ban da gwaggo. A zaurensa akwai makarantar allo safe da yamma. A cikinsa akwai injin markaɗe, akwai masu ɗinkin hula, akwai awaki. Shekarun nan kuma da 'yan bindiga suka tayar da ƙauyuka a Isa da Sabon Birni da Rabah, irin waɗannan gidaje ne suka buɗe ƙofa ga dangi da surukai da suka gudo, aka raba ɗaki ɗaya gida biyu da labule. Babu wanda ya cike fom. A ganina gidajen gado su ne babbar hukumar gidaje ta birnin Sakkwato, kuma sun ɗauke wa gwamnati nauyin da duk rukunanta a haɗe ba su ɗauka ba. Idan ɗaya ya faɗi, mutum talatin ne ke rasa makwanci, tare da sana'ar da suke ci da ita. Kuɗin da zai hana shi faɗuwa kuwa sau da yawa bai kai na tagogin sabon gida guda ba.

Shi ya sa nake ba da shawarar hukumar ta buɗe sashe na musamman na gyaran tsofaffin shiyoyi, da kasafinsa da ma'aikatansa, a kuma riƙa auna nasararta da yawan gidajen da ta hana faɗuwa kamar yadda ake auna ta da yawan makullan da ta raba. Aikin farko na wannan sashe shi ne ya san abin da ke ƙasa. Rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a da gidaje tun 2006, yaran da aka haifa a shekarar yanzu wasunsu suna ajina a jami'a. Ba sai an jira Abuja ba. Muna da ɗaliban labarin ƙasa da na fannin gine-gine a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, waɗanda kowace shekara suke yawon neman inda za su yi aikin sanin makama. A haɗa su da masu unguwanni da tsofaffin magina, su bi lungu-lungu da waya a hannu, su rubuta gidan da bangonsa ya tsage, da wanda rufinsa ke yoyo, da wanda masansa ya cika ko ya kusanci rijiya, da inda ruwa ke kwanciya. Amma kafin a fara, tilas hukuma ta fito fili ta bakin Majalisar Sarkin Musulmi da limamai ta tabbatar wa jama'a cewa ba ƙidayar haraji ba ce, ba kuma share fagen rusau ba. Talaka ya sha ganin jan fenti a bango, ya san abin da ke biyo baya. Idan ya yi zargin haka, ba zai buɗe ƙofa ba, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Daga nan sai batun takarda, wanda shi ne ƙashin bayan matsalar. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, amma sashe na 34 na dokar ya ce duk wanda ke riƙe da ginannen fili a cikin birni kafin dokar ta fara aiki zai ci gaba da riƙe shi tamkar an ba shi izinin mallaka. Ma'ana, gidajen Hubbare, waɗanda wasunsu suna nan tun ƙarni na 19, doka ta riga ta san da zamansu. Abin da babu shi ne takardar da za a nuna wa banki ko kotu. Dalilin rashinta kuwa ya wuce tsadar kuɗin awo da yawan zirga-zirga, ko da yake su ma suna nan. Babban dalili shi ne gado. Kakanmu ya rasu ba a raba gidan ba, 'ya'yansa da dama sun bi shi, yanzu masu haƙƙi a gidan sun haura arba'in, wasu suna Kano, wasu Yamai, wata tana aure a Kwatano. Fom ɗin neman takardar mallaka layi ɗaya ya tanada don sunan mai gida. Sunan wa za a rubuta? Duk wanda ya rubuta nasa ya kunna wutar da za ta ci zumunci.

Mafita ita ce hukumar gidaje da ofishin filaye su zauna da alƙalan kotunan shari'a su fitar da takardar mallaka ta iyali, wadda za ta ɗauki sunan mamacin da jerin magada, da wakilai biyu ko uku da dangi suka yarda su sa hannu a madadinsu, da sharaɗin cewa ba za a sayar ko a jinginar da gidan ba sai da yardar kowa. A riƙa zaman a cikin shiyar, a ranakun da aka sanar, kada a ce tsohuwa ta hau Keke Napep ta tafi sakatariya sau bakwai. A kuma yafe kuɗin rajista a karon farko. Na san akwai haɗari a nan, kuma gara in faɗe shi da kaina: gidan da ya sami takarda ya fi saurin shiga kasuwa, mai kuɗi ya saye ya rushe ya dasa shaguna, magada su raba kuɗin su watse cikin haya. Fiƙihunmu ya riga ya tanadi wani ɓangare na maganin wannan a babin shufa'a, inda abokin tarayya a gidan da ba a raba ba ya fi kowa haƙƙin sayen rabon ɗan'uwansa. A rubuta wannan haƙƙi ɓaro-ɓaro a jikin takardar, a kuma ba magajin da ke zaune a gidan damar biya a hankali.

Sai kuɗin gyara. Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yana da rancen gyaran gida, amma na masu zuba kuɗi a asusun ne, wato mun koma kan masu albashi. Abin da jiha za ta iya yi shi ne ta kafa ɗan asusun gyara wanda ba ya ba da tsabar kuɗi sam. Hukuma ta sayi kwano da katako da siminti da yawa a farashin sari, tunda kamfanin siminti na Kalambaina a bakin ƙofarmu yake, ta sayar wa mai gida bashi da 'yar riba sananniya da aka yi yarjejeniya a kanta tun farko, ya biya cikin shekara biyu ko uku. Wannan ciniki ne irin na murabaha da bankunan Musulunci ke yi, malamai ba su da ja a kansa, kuma zai shigo da mutanen da kuɗin ruwa ya kora. Jingina kuwa ita ce maƙwabta. Gida goma na lungu ɗaya su haɗu su tsaya wa juna, kamar yadda matanmu suka daɗe suna yi a adashi, idan rukunin farko bai biya ba na biyu ba zai karɓa ba. Ƙasar Tailan ta bi irin wannan hanya tun 2003 a shirinta na Baan Mankong, inda ake ba ƙungiyar unguwa rancen a dunƙule, ita ta tsara gyaran ta kuma tattara biya.

Za a ce da ni mutanenmu sun ɗauki kuɗin gwamnati ganima, ba za su biya ba. Akwai gaskiya a ciki, mun ga yadda rancen noma iri-iri ya ƙare. Amma a duba yadda aka raba waɗancan: ta hannun 'yan siyasa, gab da zaɓe, ga mutanen da ba su san juna ba. Matar da ba za ta biya gwamnati ba ba ta isa ta ci kuɗin adashi ta kwana lafiya a lungunsu ba. Waɗanda kuma ba su da halin biya ko kaɗan, gwauraye mata da marayu da tsofaffi irin gwaggona, kada a ɗora musu bashin da zai zama abin kunya. Jihar nan tana da Hukumar Zakka da Wakafi da ta yi suna a ƙasar nan. A miƙa mata jerin sunayen da ƙidayar ta fitar, hukumar gidaje ta ba da magina da sa ido, ita ta ɗauki nauyin kayan.

Duk wannan aikin banza ne idan ruwa bai sami hanya ba, domin bangon da aka tayar bana lambatu zai sake kayar da shi baɗi. A nan ne shirye-shiryen hukumar na haɗa kai da al'umma ya kamata su fi ƙarfi. A birnin Jakarta na Indonesiya, tun 1969 gwamna Ali Sadikin ya fara shirin inganta tsofaffin unguwannin talakawa ba tare da tashin kowa ba: aka shimfiɗa hanyoyin ƙafa, aka gina magudanai, aka kai famfo da bandakunan jama'a. Abin da aka lura da shi shi ne, da zarar lungu ya gyaru, masu gidaje da kansu suke fara gyara nasu da kuɗinsu. Shirin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1980. A shekarar ce kuma Dakta Akhtar Hameed Khan ya fara aikin Orangi a Karachi ta Pakistan, bisa rabon aiki mai sauƙin fahimta: mutanen kowane lungu su tara kuɗi su gina magudanar lungunsu da shawarar injiniyoyi, hukuma kuma ta gina babbar magudanar da ƙananan za su zuba a ciki. Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan. Shirin raya al'umma na CSDP da Bankin Duniya ya tallafa wa tun 2009 ya nuna a jihohi da dama cewa jama'a za su kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aiki idan su suka zaɓe shi kuma suna ganin inda kuɗin ke tafiya.

Matasan shiyoyinmu ba su daina aikin gayya ba. Kowace shekara kafin damina za ka gan su da shebur da baro suna yashe lambatu. Abin takaici, dattin da suka fitar sai ya kwana bakwai a bakin hanya ba motar da za ta kwashe, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito, su kuma gwiwarsu ta yi sanyi. Tifa ɗaya da za ta zo ranar da aka yi gayyar, da alkawarin da ba a saɓawa, ta fi taron wayar da kai goma a otal. Wanda kuma ya tuna annobar amai da gudawa ta 2021, da ta ratsa jihohin Arewa har da tamu, ya san cewa maganar lambatu da masai maganar rai ce.

Idan za a kafa kwamitin shiya, kada a tsaya ga dattawan da ke zama a ƙofar masallaci, duk da girmansu. Wadda ta san inda rufi ke ɗiga da inda ruwan wanka ke taruwa ita ce matar da ke yini a cikin gidan, kuma ba za ta zo taron maza ta yi magana ba. A ɗauki ma'aikata mata su shiga gida-gida. Ba sabon abu ba ne a garin nan: Nana Asma'u, wadda kabarinta ke nan Hubbare, ta hanyar jajis ɗinta na 'Yan Taru ta kai ilimi ga matan da ke cikin gidaje da ƙauyuka tun ƙarni na 19, kuma har yau mata ne suka fi yawa cikin masu ziyarar wurin.

Akwai kuma abin da nake ganin hukumar za ta yi wa kanta gata idan ta sake tunani a kai, wato raina ginin ƙasa. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wutar lantarki kuma sai an ga dama, ɗakin bulo mai rufin kwano ba sili tanda ne. Soron ƙasa mai kaurin bango yana riƙe sanyin dare har azahar. Matsalar ginin ƙasa ruwa ne, daga sama da daga ƙasa, kuma dukansu suna da magani: harsashi na dutse ko siminti da zai ɗaga bangon daga damshi, da indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa, da yaɓe a kan kari. Kuskuren da ya yawaita yanzu shi ne a shafe bangon ƙasa da siminti a ɗauka an ƙarfafa shi. Simintin ba ya kama ƙasa da kyau, yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya kasa fita, bangon ya ruɓe daga ciki alhali fuskarsa tana sheƙi. Magabata da makuba da laso suke shafe, masu barin bango ya sha iska. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu farkawa. A Yamai, rukunin gidajen da ake kira Niamey 2000, wanda Mariam Issoufou da abokan aikinta suka zana, da tubalin ƙasa da aka matse da inji aka gina shi, mai hawa biyu, kuma 'yan boko ne ake nufi da shi. Tsofaffin maginanmu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu sun koma kabu-kabu. Hukuma ta ɗauki goma daga cikinsu a matsayin malamai, ta haɗa kowanne da matasa da ƙaramin injiniya guda, su koyi da juna a kan gidajen da ake gyarawa.

Haka nan tsohon gari yana buƙatar ƙa'idar gini tasa, gajera, da Hausa da ajami, wadda mai unguwa zai iya karantawa. Yawancin rigingimun maƙwabta a shiyarmu a kan abu uku suke: wani ya ta da bene tagarsa na leƙa tsakar gidan wani, wani ya juya indararonsa kan bangon wani, wani ya ci lungu da dakali ko tankin masai har makara ba ta iya wucewa. Malaman Daular Usmaniyya sun yi rubutu a kan waɗannan. Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Halidu ya tattara hukunce-hukuncen irin waɗannan husumomi a ƙarni na 19, bisa ƙa'idar hana cutarwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa birnin nan a 1809, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje ya lissafa kula da masu sana'a, har da magina, da gyaran hanyoyi da kasuwanni cikin wajiban shugaba. Ƙa'idar da aka ciro daga nan jama'a za su karɓe ta fiye da wadda aka kwafo daga dokar tsara birane ta Ingila, mai neman a bar ƙafa kaza tsakanin gini da titi a lungun da jaki biyu ba sa giftawa.

Game da sababbin rukunan, magana biyu kawai zan yi. A lika sunayen waɗanda aka ba gidaje a bainar jama'a, da ƙa'idar da aka bi, a kuma hana mutum ɗaya karɓar biyu da sunan matarsa ko direbansa. Sannan kada hukuma ta juya baya ranar da aka yanke kyalle. Rukunin da ba shi da ƙungiyar mazauna mai rajista da ɗan kuɗin kula da magudanai da hanyoyi, cikin shekara goma sha biyar zai zama wata tsohuwar unguwar mai neman ceto, kuma duk mun ga misalinsa.

Na san dalilin da ya sa irin wannan aiki ba ya da farin jini a wajen masu mulki. Lambatun da aka yashe ba ya ɗaukar hoto, bangon da bai faɗi ba kuwa ba labari ba ne. Kwangila ɗaya ta gidaje 500 ta fi sauƙin sa hannu a kan ƙananan ayyuka dubu, ta kuma fi maiƙo ga masu neman maiƙo. Don haka ban ce a yi wa dukkan birnin lokaci guda ba. A ware kuɗin gidaje ashirin kacal daga rukuni na gaba, a gwada a shiya ɗaya har damina biyu, a buga sakamakon kowa ya gani. Na zaɓi Hubbare ba don gidanmu na can kaɗai ba. Nan ne makwancin Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817, da sarakunan Musulmi da dama bayansa. Baƙi daga Nijar da Kamaru da Gana da ko'ina cikin ƙasar nan suna sauka a wurin kullum, kuma ta cikin waɗannan lungunan suke bi, suna ɗage riga suna tsallake kwata.

Mu dai mun tayar da bangonmu. 'Yan'uwa suka yi karo-karo, na Kano ya turo, na Yamai ya turo, tsohon maginin nan ya sa harsashin dutse ya ɗora tubali a kai, muka ɗauki yara huɗu suka yashe lambatun tun daga ƙofarmu har bakin titi. Gwaggo ta koma ɗakinta kafin sanyi ya shigo. Mun iya ne saboda gidan yana da 'ya'ya masu albashi. Gidan da ke jingine da namu ta arewa ba shi da ko ɗaya. Mai shi ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar mata biyu da yara. Makon jiya da na je gaishe da gwaggo, maginin ya sake kama hannuna ya kai ni bayan gidan nasu, ya zura yatsunsa huɗu cikin tsagar da ta taso daga gindin bango har kusa da indararo. Na tambaye shi ko zai kai baɗi. Ya ce zai kai watan Yuni, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi.